Bindigar da Ta Riƙe Kwanso

Ranar Juma'ar da aka fara yankan gero, shekarar da na shiga aji uku, Baba ya dawo Kebbe daga Tambuwal da sabuwar bindiga naɗe cikin buhu. 'Yar siririya ce mai ƙananan harsasai, ya sayo ta saboda biran da ke cinye mana dawa. Na watsar da wanke-wanke na laɓe ina leƙen zaure, inda maƙwabta suka cika suna sa albarka. Duk wanda ya karɓa sai ya saita bango ya ja kunama babu harsashi, ta ce ƙas, a yi dariya a miƙa wa na gaba. Na ƙarshe shi ne Baffa Sani, ƙanin Baba, maharbi mai tsohuwar bindigar toka, wanda ke kawo mini ƙwan zabi daga daji. Ya shafa bakinta ya ce, "Wagga ko zomo ba ta kayarwa."

Washegari a gona Baba ya yi harbi, kwanson harsashin ya ƙi fita. Ya zaƙulo shi da tsinin wuƙa, ya sake harbi, ya sake maƙalewa. Ya wanke ta da kananzir, ya sauya harsasai, duk a banza, birai kuwa suna cin karensu babu babbaka. Wata rana da la'asar na ji ya ce wa Inna, "Ɗaure ta anka yi, kuma na san hannun." Ba a jima ba aka toshe ƙofar da ke tsakanin gidanmu da na Baffa da jar ƙasa. Nakan manna kunne a danshin ginin in saurari tarinsa, in yi kuka a ɓoye. Baffa bai yi musun zargin ba, bai rantse ba. Da rani ya kwashe iyalinsa zuwa Jabo, can zazzaɓi ya ɗauke shi.

Bayan rasuwarsa ne wani tsohon soja mai gyaran bindiga a Tambuwal ya duba ta. Ya ce jan kunamar nan babu harsashi ne ya lotsa gefen ramin da harsashi ke zama, shi ke riƙe kwanso. Ya goge wurin da magagari, ta koma lafiya lau. Baba bai ƙara harba ta ba. Har ya tsufa, in ya idar da salla yakan waiga ya ce "Sani."

Yau in bindiga ta yi ƙara a dajin Kebbe babu mai tuna biri, kowa ɗansa yake nema. Ni dai ina kewar lokacin da gida biyu ke cin tuwo a kwano ɗaya. Baba ya bar duniya da ban-haƙurinsa a baki, babu mai karɓa.