Neman Kwikwiyo a Virginia da Asirin Ɗan-Ja

Asubar fari ranar Asabar muka bar Largo, garin da muke zaune a gefen Washington, mu uku a mota: ni a sitiyari, mahaifiyata da ta zo mana ziyara daga Filato tana gefena ta lulluɓa da bargo, sai 'yata mai shekara goma sha ɗaya a baya. Matata tana asibiti, aikin ƙarshen mako ya faɗo kanta. Ku da kuke bibiyata kun san inda muka nufa, don ni da bakina na yi sati biyu ina cika ku da surutu cewa zan shigo da kare mai asali, mai takardar zuriya har kaka da kakanni. To ga labarin tafiyar, sai dai ba irin wanda na so in ba ku ba ne.

Yarinyar nan ta shekara biyu tana roƙon kare, bana na yarda. Ashe ita ta riga ta zaɓi nata a waya: wani ɗan kwikwiyo a gidan ajiye dabbobin da ba su da masu su, can wajen Greenbelt. Ja ne, gajeren gashi, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a karye, wutsiya a nannaɗe. Barbarar yanyawa dai, ba wanda ya san ubansa. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta duba ko hotonsa yana nan. Ranar da ta nuna min, kallo ɗaya na yi masa na miƙa mata wayarta, na ce ban ƙetaro teku don in ajiye karen bola ba. Na jero hujjoji kamar lauya: mai asali an san halinsa, an san girman da zai yi, an san cutar da ke bin jininsu, shi kuwa gauraye sai abin da ka gani. Matata ta ce abokan aikinta masu gaurayen ba su taɓa kuka da su ba. Na ce ta bar min maganar kare, ni da kare na tashi.

Wannan kam gaskiya ne. Ina yaro ina da kare, Ɗan-Ja. Da labarinsa na riƙa lallashin 'yata tun tana ƙarama: yadda yake raka ni makaranta ya jira ni a gindin mangwaro, yadda ya kashe maciji a bakin rumbunmu. Son karen da take yi daga nan ta samo shi. In ta tambayi ƙarshensa, sai in ce tsufa ya yi, ya mutu a gindin mangwaron nan kansa a kan cinyata. Wannan ƙarshen ƙarya ne, kuma na ɗauka daga ni sai Allah muka san haka.

Babbar hanyar nan da ta zagaye Washington, Beltway, da asubar Asabar sai ka rantse ba ita ce ke cinye mana rai ranakun aiki ba. Muka bi ta kudu muka haye gadar kogin Potomac, hazo ya kwanta a kan ruwa, Mama ta yi addu'a tun daga wannan bakin har wancan. Muka kama hanya mai lamba sittin da shida muka miƙe yamma. Na sha mai a Virginia don ya ɗan fi namu sauƙi, na sai wa Mama shayin kanti, ta kurɓa sau ɗaya ta ce ruwan wanke kofi ne.

Da muka wuce Manassas gidaje suka fara ja baya, tuddai suka fito. Lokacin da ganye ke sauya launi ne, duk daji ya yi ja da ruwan ɗorawa. Mama ta ga dawaki a fili an lulluɓa musu bargo irin nata, ta yi dariya har da tari. Ta ga kabewa jibge a bakin hanya, ta ce in tsaya a yi miyar taushe. Na ce ba ci ake yi ba, ado ake yi da ita a ƙofar gida har ta ruɓe. Ta ce, “Allah ya shirya mutanen nan.” 'Yata dai tana riƙe da sabuwar igiyar kare shuɗiya da muka saya tun ranar Laraba.

Wajen ƙarfe tara da rabi muka isa gonar da ake sayar da karnuka masu asalin. Kada in zalunci matar da ke kiwon karnukan, wurinta tsaf yake. Dattijuwar Baturiya ce da takalmin roba har gwiwa, ta sa muka wanke hannu kafin mu taɓa komai. Karnukan irin masu dogon gashin nan ne ruwan zinariya. Ta nuna mana uwar, ta nuna hoton uban, ta buɗe fayil mai ɗauke da sunayen kakanninsu da takardun likita. Ni kaina ban san sunan kakan kakana ba, amma na tsaya ina gyaɗa kai kamar wanda ya saba. Kuɗin kwikwiyo ɗaya dala dubu biyu da ɗari biyar. Da Mama ta tambaya na ce mata “ba yawa”, don in na faɗa sai ta suma a gonar mutane.

'Yata ta zauna a ciyawa, wani ɗan dumurmur ya haye cinyarta yana lasar hannunta. Na ga ta fara murmushi, na ce a raina shi ke nan, na ci nasara.

Sai matar ta ce ita ba ta ba kowa kare sai ta yi masa tambayoyi. Ko na taɓa riƙe kare? Na ce ƙwarai. Me ya same shi? Na gyara tsayuwa na karanto mata labarin gindin mangwaro, har ta dafa ƙirji. Daga nan ta miƙo takardar yarjejeniya, ta nuna min layi ɗaya da yatsa: duk ranar da na kasa riƙe karen, in dawo mata da shi, kada in sayar wa kowa.

Mama ta gaji da tsayuwa ba ta jin Turancin da ake yi. Ta ce, “Me take ta nuna maka ne?”

Na ce, “Cewa ta yi in sa hannu ba zan taɓa sayar da shi ba.”

Mama ta tuntsire da dariya. “Kai? To gara ta rubuta da manyan baƙaƙe. Kai da ka kai Ɗan-Ja wurin masu keji saboda kambas ɗin Kirsimeti?”

Jama'a, na juyo na dube ta. Na ce, “Mama, wa ya faɗa miki?”

“Wa zai faɗa min? Kare ya ɓata da safe, takalmi ya shigo gida da yamma, ka ce kawunka ne ya saya maka. Kawun naka da ko silifas ba shi da shi! Na yi shiru ne kawai don kada babanka ya karya ka.”

Ba da mugunta ta faɗa ba. A wurinta tsohon labari ne na ƙuruciya, abin dariya. Kuma ni da ita da matata duk mun saba yin zancen manya da Hausa a gaban yarinyar nan, saboda komai ka ce mata da Turanci take amsawa, har muka ɗauka Hausarta ba ta wuce “zo ki ci abinci” ba. Na waiga. Ta ɗaga kwikwiyon daga cinyarta a hankali, ta ajiye shi kusa da uwarsa, ta karkaɗe wandonta, ta wuce mota ta rufe ƙofa.

Biro yana hannuna, na kasa sa hannu. Na ce wa matar za mu je mu yi shawara. Ta ce hakan ya burge ta, mutumin kirki ne kawai ke tsayawa ya yi tunani kafin ya ɗauki kare. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Daga gonar muka juyo muka dawo Manassas. A can muka tsaya wani ɗan shagon abinci na wata 'yar Ghana mai Hausar zango, ta karɓi Mama hannu bibbiyu tana “sannu Mma, sannu Mma”. Ta zubo mana shinkafa da wake da baƙin yajinsu da dafaffen ƙwai, faranti dala goma sha biyar, kuma ya ci kuɗinsa. Mama ce kaɗai ta ci. Sai da ta kai rabi ta lura jikarta ko cokali ba ta ɗaga ba. Ta dube ni ta ce a hankali, “Wai ta ji?” Na ce ta ji. Ta ajiye cokali ta ce, “Wayyo, bakina.” Na ce ba bakinta ba ne.

A teburin nan na faɗa wa 'yata gaskiya. Ina da shekara goma sha huɗu. Gab da Kirsimeti masu sayen karnuka kan zagaya ƙauyukanmu da kejin ƙarfe a bayan babur, kuma ba yaron da bai san tukunya ce ƙarshen tafiyar ba. Duk abokaina sun yi farin kambas, ni ban da shi. Ɗan-Ja ba ya yarda baƙo ya matso shi, don haka mutumin ya ce sai dai in kawo shi da kaina. Na yi masa fito, ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya. Ni na ɗaura masa igiya. Ya bi ni har bakin titi yana tsalle, ya zaci farauta za mu. Kambas ɗin ma ya matse ni, bai kai bikin Ista ba ya yage.

Ta saurara har na gama, ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni da Turanci ko shi ya sa na ƙi na Greenbelt. Na ce e. Kamarsu ɗaya, har karyayyen kunnen. Duk maganar asali da takarda da na yi ta yi, gudun haɗa ido da wannan fuskar nake yi kowace safiya.

Na ce su tashi mu tafi Greenbelt. Gidan dabbobin ƙarfe huɗu yake rufewa. Muka koma Beltway ta arewa, kuma a lokacin ta farka ta koma halinta: motoci bamba da bamba tun daga gada, ana tafiya kamar masu rakiyar amarya. Ina ta sauya layi, Mama tana ta cewa in bi a hankali. Ta madubi na hango 'yata ta buɗe waya tana neman hoton, ta rufe, ta sake buɗewa. Huɗu saura kwata muka shiga, mun zagaye Washington kaf a yini ɗaya.

Wurin ba shi da kyan gonar. Warin maganin wanke ƙasa, haushi ta ko'ina, kejuna a jere, kowane kare da ɗan katinsa, yawanci an rubuta “gauraye”. Wani tsohon kare baƙi mai furfura a baki ya miƙe ya dube mu, ya koma ya kwanta. Kejin jan kwikwiyon babu kowa, an ma wanke shi. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta ce wasu iyali sun tafi da shi wajen ƙarfe goma na safe. Ƙarfe goma ina tsaye a Virginia ina yaba kakannin karen wani.

A nan ne 'yata ta yi kuka, ta kifa kai a jikin kakarta. Mama tana bubbuga bayanta tana “yi haƙuri, uwata, yi haƙuri”, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Ma'aikaciyar ta ce kwikwiyoyi suna shigowa kusan kowane mako, in muna so mu cika takarda su ajiye. Na karɓa. A shafi na biyu ga tambayar nan tana jirana: ka taɓa riƙe dabba, kuma me ya same ta? Layi biyu suka bari. 'Yata ta share hawaye ta zo ta tsaya a kafaɗata. Na rubuta cewa ina da shekara goma sha huɗu na sayar da karena ga masu yanka don in sayi takalmi, kuma na shekara talatin ina ƙarya a kai. Matar ta karanta, ta sake karantawa, ta ɗago ta dube ni. Ta ce za ta nuna wa shugabarsu, za su kira mu. Har yanzu da nake rubutun nan ba su kira ba, kuma in sun hana ni ba zan ce sun zalunce ni ba.

Rana tana faɗuwa muka iso Largo. Matata ta dawo daga aiki, ta buɗe ƙofa tana leƙen bayanmu tana tambayar ina baƙon. Mama ta ja hannunta suka shige kicin.

Masu tambayata wanne ya fi tsakanin mai asali da gauraye, ku tambayi wani. Na ga mai asali a wuri mai tsabta, na ga gauraye a keji, kowannensu ya taho wurin yarinya yana kaɗa wutsiya iri ɗaya. Na yi tafiyar yini guda ina binciken zuriyar kare, ashe a duka wuraren biyu tarihin mai riƙon ake tambaya, kuma nawa ne bai da kyau. Na kuma koyi cewa yaron da ba ya mayar maka da Hausa ba kurma ba ne.

Da na koma mota kwashe kaya, sai na ga shuɗiyar igiyar a kujerar baya. Na miƙa hannu zan ɗauka, 'yata ta riga ni. Ta naɗe ta a hannunta, ta tsaya a bakin mota. Tun da aka haife ta “Dadi” take ce min, kuma ban taɓa jin ta haɗa zance da Hausa ba. Ta dube ni, ta ce da Hausarta mai tuntuɓe:

“Baba, in sun ba mu wani, ni zan riƙe igiya.”

Na ce to.