Kwamfuta a Gindin Randa

Tun ina ƙarama na san akwai wani gari a ƙarƙashin garinmu na Akokan. Can Baba yake aiki. Motar kamfani takan ɗauke shi da hular kwano mai fitila a goshi, ta dawo mana da shi fuska furu-furu. Yakan ce ramin ma'adinin nan yana da tituna da mararraba, har da lungun da suke shimfiɗa kwali su yi salla. Ni kuwa in na kwanta da rana sai in manna kunne da ƙasa, wai ko zan jiyo tarinsa. Ban taɓa ji ba, amma barci yakan ɗauke ni ina ganin fitilu suna yawo a ƙarƙashin tabarmata.

Da za a rufe ramin, wani abokin aikinsa ya ɗauki bidiyon saukarsu ta ƙarshe da waya. Na kwashe na zuba a kwamfutata ta hannu, wadda nake shirya darasin ɗalibaina na lakwal da ita. Daga baya wayar mutumin ta lalace, shi ma ya tattara ya koma Tawa, ya zama babu inda bidiyon ya rage sai wurina. A lokacin Baba ƙin kallo ya yi. "Ajiye shi," ya ce, "warin ramin bai fita daga hancina ba tukuna."

Sai cutar yana ta fara rufe masa ido. Da farko ya daina gane mutane daga bakin ƙofa, sannan ya koma laluben buta. A bazarar nan aka tura ni Agadez ƙaro ilimi, na bar wa Inna kwamfutar, na ja mata kunne cewa abin nan ba shi da maƙiyi kamar zafi. Ranar da na dawo, ko ruwa ban gama sha ba Baba ya kira ni.

"Ke, kunna mini ramin nan. Ina so in gan shi tun idon bai ƙarasa tafiya ba."

Har babbar riga ya sa da hula, ya zauna bisa tabarma kamar mai jiran baƙi. Inna ta miƙo mini kwamfutar naɗe cikin zane, sanyi ƙalau. Na buɗe, na danna. Shiru. Na sake dannawa. Ko ɗan hasken nan da ke ƙiftawa a gefe babu. Na ce ai batir ne ya ƙare, na jona sharja, na jira. Na duba ko an ɗauke kuran, wato lantarki, ga fanka tana ta juyawa a kanmu. Na aro sharjar maƙwabciyarmu, na cire batir na mayar, na danne maɓallin har yatsana ya yi fari, na kara kunne ko zan ji motsin iska a ciki. Wallahi kamar ina roƙon dutse. Gilashin ya tsaya baƙi ƙirin, ba abin da ke ciki sai fuskata da ta Baba a bayana, ya miƙo wuya.

"An fara?" ya ce.

Nan ne hankalina ya tashi, don na gane bai ma san ba a kunna ba.

Washegari ya ce ƙafarsa ƙafata, sai ya bi ni wurin mai gyara. Muka hau kabu-kabu biyu zuwa kasuwar Arlit. Rana ta take, kawalwalniya ta kwanta a kan hanya, tsaunukan ƙasar da aka tono daga ramuka suna rawa a cikinta kamar ba su taɓa ƙasa ba. Ina hango rigar Baba tana kaɗawa a gabana, wani lokaci sai in ga babur ɗinsu ya narke ya sake fitowa. Na rungume kwamfutar a ƙirji ina ta salati.

Mai gyaran wani Bakano ne mai barkwanci, rumfarsa cike da gawarwakin wayoyi. Ya gwada tasa sharjar, ya auna da ƴar na'urarsa, ya girgiza kai, sannan ya kwance bayanta. Ya leƙa, ya dube ni, ya sake leƙawa.

"Malama, a wane kogin kika yi mata wanka?"

"Kogi a Arlit? Malam, ka yi aikinka don Allah, ba wasa ya kawo ni ba."

Ya juyo mini da ita. Cikin duk ya yi tsatsa, kore-kore da fari-fari, kamar gindin tsohuwar tukunya. Na tsaya baki buɗe. Garin da ake shekara ba a ga ruwan kirki ba, a nan kwamfutata ta mutu da laima?

"Gindin randa," in ji Baba a hankali.

Ashe Inna ta duba gidan kaf ta ga babu wuri mai sanyi kamar yashin da randarmu ke zaune a kai, inda take binne goro da lemun tsami don kada su bushe. Nan ta kwantar da ita. Kullum safe in ta yayyafa wa yashin ruwa, sai ta ɗan shafa wa zanen ma, yadda ake jiƙa buhun da ke jikin bido, jarkar ruwa, don ruwan ya yi sanyi.

"Inna lillahi! Goro ce? Baba, goro ce?"

"Ke kika ce ba ta son zafi, ita kuwa ta yi mata gata. In muka koma, kada in ji kin ɗaga mata murya."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har hawaye suka zo. Mai gyaran ya daina wasa. Ya ce kwamfutar kam sai haƙuri, ta riga mu gidan gaskiya, amma akwai wani ɗan rumbu a ciki inda take adana komai, wataƙila ruwan bai kai can ba. Ya zaro shi, ɗan abu kamar tafin hannu, ya goge, ya jona da tasa kwamfutar. Muka zuba wa gilashin ido. Wani Buzu mai sayar da cuku ya tsaya kallo, da wasu tsofaffin ma'aikatan ramin da suka ji an ambace shi.

Sai ga bidiyon ya buɗe.

Mota tana gangarawa, hasken rana yana ƙanƙancewa a baya har ya zama kamar ƙwayar gero. Ga titunan, ga mararrabar, ga ruwa yana ɗiga daga rufin dutse. Fitilu suna tafe a jere cikin duhu, daidai yadda nake ganinsu a barcin yarinta. Na manta da kasuwar, na manta da fushina. Ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya ce, "Allahu akbar, ga kwanarmu."

Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya goge da hannun riga, ya karkata kai. Ya daɗe a haka. Sannan ya ja da baya ya gyara hula.

"Hayaƙi kawai nake gani," ya ce. "Ƙara mini muryar."

Mai gyaran ya ƙure ta. Baba ya sunkuyar da kai yana saurare, yana gane su ɗaya bayan ɗaya. Wannan direbansu ne, Allah ya jiƙansa. Wannan mai tsokanar ya koma kiwo a Gugaram. Can sai wani ya fashe da dariya a cikin ramin, dariya mai ƙarfi har da tari, sauran suka biye masa. Baba ya ɗaga yatsa, ya yamutsa fuska.

"Wannan fa? Ban gane shi ba. Wane ne mai dariyar nan?"

Na dubi gilashin, na dube shi.

"Kai ne, Baba."

Baba ya sauke yatsansa. Sannan ya laluba ya kama hannun mai gyaran, ya ce, "Ɗana, maido mini wurin nan."