Ranar da Ƙofar Kafinta Ta Yi Shiru

Kwanakin baya an yi ta yaɗawa a layin masu katako cewa wai Kafinta mutum biyu ne. Wai 'yan biyu ne masu kama ɗaya, suka haɗa baki suka auri mace guda, suna karɓa-karɓa: wannan ya yi sati uku a waje yana washe baki, wancan yana naɗe cikin wata doguwar durowa a bayan shago yana jiran layinsa. Mai shayi ya rantse ya taɓa jin durowar tana tari. Wata mai gyaran gashi ta ce da idonta ta ga ƙafa huɗu a ƙarƙashin bencin aikinsa.

To jama'a, ku kwantar da hankalinku. An buɗe durowar, ba komai a ciki sai gwangwanayen fenti da mataccen agogo. Ƙafa huɗun nan kuwa na bencin ne. Kafinta mutum ɗaya ne tal, sau ɗaya tsohuwarsa ta yi naƙudarsa, ta kuma ce ya ishe ta har abada. Wanda ya ƙirƙiro zancen kowa ya san shi: ɗan gwaggonsa ne, abokin wasansa, mai sayar da ƙusa a shagon da ke jingine da nasa, mutumin da bakinsa bai san ranar hutu ba.

Hannu dai Allah ya ba Kafinta, kuma a ƙofa gwanintarsa take. In ya rataya maka ƙyaure, jariri zai tura shi da ɗan yatsa, ya buɗe ya rufe ba ka ji ko motsi ba. An ce ɓarayin unguwa ma suna sa shi a addu'a.

Matsalar ba ta hannu ba ce. Akwai makonnin da yake tashi kamar an kunna inji. Ya karɓi aikin mutum tara, ya zana wa matarsa gidan bene a bayan kwali, ya yi wa kyanwar maƙwabta lacca a kan katako. A irin makonnin nan dariyarsa da faɗansa ɗaki ɗaya suke kwana, cokali ya faɗi ya isa ya tashe su. Sai kuma wata safiya abin ya sauka. Ya zauna bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, har rana ta take. In ka gaishe shi yau, amsar sai jibi. Shi kansa bai san me ke kawo shi ba, bai san me ke tafiya da shi ba. In ya farfaɗo yakan ce, "Gajiya ce," kowa ya ce, "Allah ya sawwaƙe," a ci gaba.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake kiranta. Shekara goma sha biyu suna tare, da 'yan mata biyu, Babba da Auta. Mace ce mai sanyin murya, in tana tafiya a cikin gida ba ka jin takunta. 'Ya'yan ma haka suka taso. Kafinta yakan yi alfahari da wannan, ya ce gidansa gidan natsuwa ne.

Abin dariyar, ƙofar gidan nasa ita ce mafi muni a layin. Gindinta ya kumbura yana cizon ƙasa, hinjinta, ƙarfen da ke riƙe ta a bango, ya yi tsatsa, in aka tura ta sai ta saki wani kuka kamar an taka wutsiyar akuya. Mai ƙusa ya yi shekaru yana cin abinci da ita.

"Ɗan kawu, ƙofar nan taka fa jiya ta tashi wani mai doguwar suma a asibiti. Danginsa na neman ka su yi godiya."

Ba ƙyuya ce ta hana shi gyarawa ba. Duk ranar da ya ɗauko jakar kayan aiki, Malama za ta tare shi. "Bar ta, Baban yara, ka gaji." Ko kuma, "Bari sai an gama jarrabawa, ƙura za ta ɓata mini takardu." Shekara da shekaru tana samun dalili.

Wata Asabar, yana cikin makonninsa na wuta, ta tafi da yaran duba yayarta. Ya ce yau zai ba ta mamaki. Ya sauke ƙyauren, ya kankare gindin, ya bi shi da samfefa har ya yi sulɓi, ya sa sabon hinji, ya ɗiga mai. Ya tura, ya jawo, ya tura. Ko numfashi ba ta yi.

Da yamma Malama ta dawo. Ta sa kafaɗa yadda ta saba, ƙofar ta tafi kamar ba a taɓa ta ba, har Malama ta kusa faɗuwa. Ta tsaya riƙe da ita, ta daɗe tana kallon hinjin.

"Yaya kika gani?" in ji shi, baki har kunne.

"Sannu da aiki," ta ce, da irin muryar da ake yin ta'aziyya.

Washegari ya taso daga shago da wuri, riƙe da wata 'yar kujera da ya ƙera wa Auta. Ya shiga ba wanda ya ji. Daga kicin yake jiyo dariya. Babba ce ta cusa filo a riga tana kwaikwayon shugaban makarantarsu, Auta tana birgima a ƙasa, Malama ta dafa bango tana share hawaye. Ya tsaya a lungu yana saurare. Ya san muryoyin nan duka, amma bai taɓa jin wannan dariyar a gidansa ba. Ko sau ɗaya.

Ya leƙa da fara'arsa. "Me ake yi ba a kira ni ba?"

Kwano ya suɓuce daga hannun Malama. Auta ta shige ƙarƙashin tebur. Babba ta yar da filon ta sha gaban uwarta. Su ukun ba wadda ta kalli fuskarsa. Hannunsa suka kalla.

Kwana tara aka yi a haka. Malama ta daina juya wa ƙofa baya. Ko yanka albasa take, rabin jikinta na fuskantar lungu. Daga baya ta riƙa ajiye bokitin ƙarfe a bayan ƙyauren. A rana ta tara ya shigo a fusace saboda wani ya ce aikinsa ya karkace, ya yi karo da bokitin, ruwa ya malale. Abin da ya faɗa ranar, maƙwabta sun ji, ba sai an maimaita ba. Bai taɓa kowa ba, bai taɓa dukan kowa ba a rayuwarsa, amma kujerar Auta ta tashi daga aiki a jikin bango. Da ya dawo washegari, ba Malama, ba yara, ba buroshin haƙorinsu. Sun koma gidan wanta.

Sai abin ya sauka masa, sauka irin wadda bai taɓa yi ba. Ya rufe shago. Yana zaune a falo da rana tsaka, sai ƙofar ta buɗe da kanta, don ta yi laushin da iska kaɗan ke tura ta. Ya ɗaga kai. Ba kowa. Ta koma ta rufe. Bayan jimawa ta sake buɗewa. Wuni guda gidan na karɓar baƙin da ba a gani, shi kuma duk buɗewa sai gabansa ya faɗi.

A sati na uku mai ƙusa ya zo ya ja shi kamar buhu, ya sa shi wanka, ya kai shi gidan wan Malama. Ba ta ce su shiga ba. A kan matakala ta same su, hannunta duk alli.

"Maman Babba," in ji Kafinta, "kujera ce. Zan ƙera wata."

"Ba kujera ba ce."

"To mene ne? Na gyara miki ƙofa, shi ne laifina?"

Ta zauna a kan matakalar, ta kalli tafin hannunta.

"Daga ƙofar nan zuwa kicin taku goma sha ɗaya ne. In ka banke ta ta yi ƙara gajere, na san in kashe rediyo in tura yara ɗaki. In ta ja kuka dogo, a hankali, na san in ajiye maka abinci, kar in tambaye ka komai, kar in bar su su hau jikinka. In ta yi ƙara biyu, ka tsaya kana goge ƙafa, to mijina ne ya dawo."

Ya ce, "Shi wannan ɗin, yana yawan zuwa?"

"Yana zuwa. Ba ya daɗewa." Ta miƙe. "Taku goma sha ɗayan nan da su na riƙe auren nan. Ka kankare su."

Mai ƙusa ya ja hannun Kafinta, suka juya.

A hanyar komawa Kafinta ya tsaya cak a bakin wani kanti, yana kallon keken da aka jingine. Suna yara, tsohonsa da keke yake zuwa aiki. Ya tuna yadda suke kasa kunne da yamma, shi da ƙannensa: in an jingine keken a hankali su fito da gudu, in an wurgar da shi su bi bayan randa. Ya tuna ya taɓa rantsewa a bayan randar nan cewa shi 'ya'yansa ba za su san ɓuya ba. Shekara talatin bai tuna da wannan ba, sai yau, da tafin ƙafar Auta a ƙarƙashin tebur ya dawo masa a ido.

Abin da ya yi bayan nan, sai kafinta. Ya tona kwandon tarkace ya zaƙulo tsohon hinjin, ya mayar. Shiru. Ya wanke man da kananzir, ya jiƙa ƙarfen da ruwan gishiri, ya shanya. Ya zuba wa gindin ƙyauren ruwa safe da yamma kamar mai rainon shuka, wai ya kumbura. Ƙofar ta ƙi. Hannunsa bai iya mugun aiki ba, ko ya rataya ta a karkace sai ya farga ya daidaita. Mutumin da gari ke layi don ya kashe musu ƙarar ƙofa, ga shi durƙushe yana roƙon tasa ta yi kuka.

Labari ya kai wa Malama, ba sai an faɗi ta bakin wa ba. Ta zo da kanta bayan an tashi makaranta, ta same shi da kofin ruwan gishiri.

"Tashi, Baban yara. Ka ɗauka ƙarar nake kewa? Na gaji da sauraren katako. Kai kana da baki."

Sharaɗi biyu ta kafa. Na farko, ya je ya ga likita, ba mai ba da maganin gajiya ba, na ƙwaƙwalwa. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Ta ce ita ma ba ta ce ba, ta ɗauki jakarta. Kafin ta kai bakin titi ya yarda. Na biyu, kullum in ya dawo ya tsaya a waje, ya faɗa da bakinsa yadda ya zo, kafin a buɗe masa.

Yanzu wata huɗu ke nan. Yana zuwa asibiti ranar da aka sa masa, yana shan abin da aka ba shi, wani satin da dama, wani satin sai haƙuri. Malama ta dawo da yaran da jaka biyu. Babban akwatinta yana gidan wanta har yau, ba ta ce za ta ɗauko ba, shi kuma bai tambaya ba. Auta tana hawa cinyarsa, amma sai ta fara duba hannunsa.

Shekaranjiya da la'asar mai ƙusa ya rako shi gida. Kafinta ya tsaya a gaban ƙofar da ya ƙera, ya ƙwanƙwasa kamar baƙo, ya gyara murya.

"Ni ne. Yau da nauyi. Amma ba faɗa."

Ciki shiru. Shirun ya yi tsawo, har ya sauya tsayuwa, ya goge tafinsa a wando. Mai ƙusa bai iya jure shiru ba.

"Ikon Allah! Maigida guda yana karanta rahoton yanayi a ƙofar gidansa. Ɗan kawu, gobe ka haɗa mana da na ruwan sama, in san ko zan yi shanya."

Can ciki aka ji takun ƙafa, sannan ƙarar sakata. Kafinta ya sauke ajiyar zuciya, bai ko waiwayo ba, ya ce wa mai ƙusa:

"Ni dai ka ji ana tasowa. Kai taka matar tun daga bakin titi take jin muryarka, shi ya sa shekara bakwai kullum barci kake tarar da ita tana yi."