Kawu Peni, Mai Duba Wa Zai Ɗaga Wanda Ya Faɗi

Da hantsin Talata, 4 ga watan Maris, ina cikin shanyar kaya matarka Inna Sose ta bugo waya ta ce ka cika a asibiti a Honolulu. Na zauna a kan bokiti na yi kukana. Amma wallahi Kawu Peniamina Saufoi, kafin azahar na tsinci kaina ina dariya, don ba a tuna ka fuska a murtuke.

Rabin rayuwarka ka yi kana zaga jami'o'i, kana duba wa wata ƙungiyar ƙwararru ta ƙwallon Amurka yaran da za su iya. Maganarka ɗaya takan buɗe wa yaro ƙofa ko ta rufe. Shi ya sa da ɗana Lafaele ya shiga shekararsa ta ƙarshe, yana jagorantar ƙungiyar jami'arsu a matsayin mai jefa ƙwallo, na bi na hana ka sakat. Masu sharhi sun ce gajere ne, jifarsa kuma ba ta nisa. In ba a ɗauke shi ba, wasa ya ƙare masa ke nan, ga shi tun yana rarrafe ba shi da wani buri sai wannan.

Ka zo wasansa na ƙarshe, na liƙe kusa da kai. An yi mana cin kaca. Ƙartin ɗaya ɓangaren suka yi ta maka ɗana da ƙasa, kai kuwa ka duƙufa kan shinkafa da gasasshiyar kaza. In ya yi jifa mai kyau ko kai ba ka ɗagowa, sai an kayar da shi ka ajiye cokali. Raina ya ɓaci, na ce, “Kawu, kallo ka zo ko cin abinci? Ko faɗuwar ɗana ce ke yi maka daɗi?”

Ka goge baki ka ce, “Haba Lupe, jifa ai ko kakata tana gani a talabijin. Ni ina duba wa ke ɗaga shi ne. In yaro ba ya riƙe mutanensa da kyau, kwance suke barinsa ya tashi da kansa.”

Sai na duba. Duk faɗuwar da zai yi, manyan yaran nan masu tare masa gaba rige-rigen kama hannunsa suke, har ɗaya na kakkaɓe masa ciyawa.

Ranar Lahadi bayan coci ka faɗo gidanmu a Hauula ba gayyata, ka tarar da yaran nan masu tare masa gaba a tsakar gida. Lafaele na rarraba musu gwaza da naman alade, shi bai kai loma baki ba sai da kowa ya ƙoshi, yadda aka tarbiyyantar da shi. Ka ci naka, ka nemi ƙari, sannan ka gaya mini gaskiya ba kwana-kwana: tsawonsa dai bai kai ba, ƙafarsa da nauyi, kada in sa ran a kira sunansa da wuri ranar zaɓen 'yan wasa. Amma za ka tsaya masa a gaban manyanka. Na ji haushin rabin maganar, na riƙe rabin.

Ranar zaɓen sababbin 'yan wasa, kai da Inna Sose kuna gidanmu, har an kusa rufewa babu sunansa. Na daina kallon kowa. Can sai waya ta yi ƙara, ƙungiyarka ce ta ɗauke shi. Ka miƙe da sandarka ka kama rawa, zanen ƙugunka ya kusa zamewa, Inna Sose na bin ka tana riƙe da gefe ɗaya. Har yau Lafaele na cin abinci da wannan wasa, kuma bai daina gayyato masu tare masa gaba zuwa gida ba.

Ranar Asabar muka raka ka. Yaran da ka tsaya wa sun zo daga ko'ina, wasu har da furfura. Da aka ce a ɗauki akwatinka, saura kaɗan a yi rigima, kowa na son ya kama, sai da fasto ya sa aka yi karɓa-karɓa. Lafaele ya raɗa mini cewa da kana nan, yau da ka ajiye cokali.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Sose, da 'ya'yanka Talia da Iakopo, da jikoki, da dukan zuriyar Saufoi. Allah ya ba su haƙuri. Kai kuma Kawu, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya kama hannunka ya ɗaga ka. Amin.

Lupe Taumua, Hauula