Rautar da Na Rufe a Langa

Shekarun baya, da autata ta bi mijinta karatu Malesiya, ta tafi da ƙaramin ciki. Ni kuwa wayar shafa-shafan nan ba ma shiri da ita. In shafa ta ƙi, in danna ta kai ni inda ban aike ta ba, ga kunne ya fara nauyi. Abin da na sani shi ne tarhon marigayi Malam, mai igiya a murɗe, wanda ya yi shiru tun da aka daina layin gida.

Sai yayanta, ɗana da ke Hotoro, ya zo Gyaɗi-Gyaɗi da wasu akwatuna biyu ƙanana. Mai ƙahonnin nan, in ji shi, rauta ce, ita ke janyo intanet. Ɗayan kuma adafta, shi zai haɗa tarhon da ita. Ya zagaye ɗakin yana neman sabis, ya ƙare a saman kabet ɗina, kusa da taga, gefen jeren kwanukana. Ya ja igiyoyi, ya jona da ƙaramin batir saboda ɗauke wuta.

"Inna, ɗaga ki ji."

Na ɗaga. Muryar yarinyar nan ce, tar, kamar tana tsakar gida. Tarhon da Malam ya riƙe da hannunsa! Na ce masa hayaƙin murhu ne ya shigar min ido.

Kullum da hantsi sai ta kira. Ni ke gaya mata abin da za ta ci, da yadda za ta kwanta. Haihuwar fari, ba uwa a kusa, ba mai ɗora mata ruwan wanka. Wannan igiyar ce kaɗai hannuna da ke kaiwa gare ta.

Da watan haihuwarta ya kama, yayan ya yi tafiya Legas. Ina shara na ga kashin ɓera daf da rautar. Na ce a'a, ba a gidana ba. Ni duk abin da nake ji da shi, langa yake shiga: zinarena, turarena, carbin Malam. Na sauko da babbar langar aurena, na shimfiɗa ƙyalle, na kwantar da ƙahonnin, na sa ta ciki, na bar wa igiyoyi 'yar kafa, na rufe. Har yaba wa kaina na yi.

Tarho ya yi tsit. Hantsi ya zo ya wuce, wani ma ya zo. Na goge shi, na zauna gabansa. Zuciya ta ce ko wani abu ya same ta, girman kai ya ce ta samu duniya ta manta da ke. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan je in ce wa 'yata ta daina nemana?

Ran nan da rana tsaka sai ga yayan, ko jakarsa bai ajiye ba.

"Inna, lafiya? Tana ta kira ba ya shiga! Ina rautar?"

Na nuna langa da haɓa. Ya buɗe, ya dube ni, ya zauna a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki.

"Inna, ƙarfe ne fa. Kin toshe mata numfashi."

"To ɓeran fa, uban wa zai hana shi?" na ce.

Bai gama miƙe ƙahonnin ba tarho ya ɗauki ƙara. Kafin in ji sallama, kukan jariri na ji. "Inna, ina kika shige? Na sauka. Mace ce, kuma sunanki za ta ci."

Wannan karon ban ɗora wa murhu laifin hawayena ba. A tarhon nan na yi mata jego, daga kunun kanwa har gashin cibi.

Har yau yana min ciwo cewa ta yi naƙuda tana kirana ban amsa ba. Ni da na so a aurar da ita nan Tarauni don in riƙa leƙa ta, sai ga shi na gane ba kowane abin so ake rufe wa murfi ba. Langar tana nan, na kife ta. Rautar na zaune a kanta, ƙahonni a sama, takwarata kuwa ta iya kira da kanta.