Ladan Waliyyu da Baiwar Allah

Ranar 7 ga watan Maris na shekarar 2018 na fara ganin Malam Waliyyu. An tura ni daga ofishinmu na Aliero zuwa Kashin Zama in yi rajistar manoman albasa, ni ke rubuta sunaye, ni ke ɗaukar hoton kowa da waya. Ya zo wajen ƙarshen layi, dattijo siriri mai furfura a haɓa. Da na tambaye shi ko yana da wata sana'a ban da noma, ya ce shi ne ladanin masallacin unguwarsu. Na ɗauki hotonsa, na ce an gama. Bai tashi ba. Ya waiga dama da hagu, sannan ya rage murya.

"Malam akawu, abin ga naka yana kama ɗan ƙaramin abu? Awa tsuntsu?"

Akwai kurciya a kan igiyar rumfar da muke zaune. Na jawo ta kusa da yatsu biyu, na danna, na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo.

"Kullum nika gaya ma Hauwa'u akwai ɗige-ɗige ga wuyanta," in ji shi, "sai ta ce idona ne ya tsuhwa."

Hauwa'u matarsa ce. Ita kaɗai ta san halinsa kafin ni.

A Kashin Zama aka haife shi. Ya gaya mini tun yana yaro, in aka tura shi korar tsuntsaye a gonar dawa, sai ya ajiye majajjawa ya zauna yana kallonsu, ya sha duka a kan haka ba sau ɗaya ba. Da ya girma sai ya ɓoye abin. A garinsu babban mutum bai tsayawa kallon tsuntsu sai in zai kore shi ko zai ci shi, balle mutumin da ake jin muryarsa a lasifika kullum. Ya ajiye tsohon kasko da ruwa a gindin magaryar da ke tsakar gidansa, duk wanda ya tambaya sai ya ce na kaji ne.

Da albasar shekarar ta yi kyau, ya sayi waya ta hannu mai ɗaukar hoto a kasuwar Jega, ya nemo gidana da ke nan Jega don in koya masa. Daga nan duk lokacin da ya kawo kaya Jega sai ya biyo, mu zauna a zaure, ya tabbatar ba kowa, sannan ya fiddo wayar daga aljihun ciki. Na ga hasbiya mai jan da'ira a ido tana shan ruwa a kaskon. Na ga cilakowa da dogon bakinta, wadda ya ce ta fi kowa rashin kunya a gidan. Alhudahuda ya taɓa sauka sau ɗaya ya buɗe tukkunsa, Malam Waliyyu ya yi wata guda yana ba ni labarin. Jan-baki ma, da ke cinye masa gero, ya ɗauke shi, yana ɗauka yana zaginsa.

Amma wadda ta fi kwanta masa a rai ita ce baiwar Allah. Wanda ya tashi a ƙauye ya san ta: 'yar tsuntsuwa ce da ba ta kai babban yatsa biyu ba, namijin ja, macen ƙasa-ƙasa da ɗan ja a gindin wutsiya. Ba ta gudun mutane, a gefen turmi take rayuwa tana tsintar tsakin da ya zube. Sai dai ba ta tsayawa wuri ɗaya, saboda haka duk hotunanta da ya ɗauka dishi-dishi suke fitowa. Burinsa ke nan, ya same ta sau ɗaya tak, sarai.

A damina ta 2022 ciwon baya ya hana Hauwa'u daka, aka koma kai hatsi inji. Turmi ya kife, tsaki ya ƙare a tsakar gida, tsuntsayen suka tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabci, inda ake daka kullum. Maƙwabcin shi ne Nuraddeen, saurayi ɗan garin amma a Kudu ya girma wajen mahaifinsa mai fataucin albasa. Bai daɗe da dawowa ba ya yi aure. Amaryarsa Iklima ba ta fita, ko maƙwabta maza ba su san fuskarta ba.

Wata rana da hantsi Malam Waliyyu ya ji kukan tsuntsayen a bayan katanga. Ya jawo kifaffen turmin ya hau. Kansa bai kai saman katangar ba, sai ya ɗaga hannu da wayar ya karkata ta ƙasa yana leƙen fuskar wayar ta gefe. Ya yi haka kwana da kwanaki. Ran da abin ya faru, Nuraddeen ya dawo daga gona ɗaukar fartanya, ya ga hannu da waya a saman katangarsa, matarsa kuma tana daka a ƙasa. Ya zagaya ya faɗa gidan ko sallama babu.

"Baba Ladan! Mi kaka ɗauka?"

Dattijon, yana tsaye kan turmi, ya juyo da fara'a, don a daidai lokacin ya samu abin da ya daɗe yana nema.

"Baiwar Allah nika ɗauka, ɗana. Kullum da hantsi tana hitowa bakin turmi. Na daɗe ina bin ta, sai yau ta tsaya mini."

Nuraddeen bai taɓa jin an kira tsuntsu da wannan suna ba. Baiwar Allah ɗaya ya sani a bakin turmin gidansa. Ihun da ya yi ya tara unguwa.

Da azahar Malam Waliyyu ya kira ni. Bai yi gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Malam akawu, ka zo ka hidda ni. Cikin maza kai kaɗai ka sani."

Na iske su a zauren mai unguwa bayan la'asar. Liman yana nan, da dattawa, matasa sun cika ƙofa. Malam Waliyyu yana zaune a ƙasa, kansa a sunkuye. Nuraddeen ya maimaita maganar kalma da kalma. Yana kai wa "sai yau ta tsaya mini" wani tsoho ya fashe da dariya har da tari.

"Kai yaro, a Kurmi albasa kaɗai anka koya maka? Baiwar Allah tsuntsuwa ta! Ga su can suna tsalle ga ƙohwar uwarka!"

Zauren ya kece da dariya. Na ga kafaɗun Malam Waliyyu sun ɗan sauka, ko da yake dariyar rabi tasa ce, don yanzu kowa ya ji ladan yana hawa turmi saboda tsuntsu. Na ba da shaidar abin da na sani. Liman ya ce a buɗe wayar kowa ya gani, magana ta mutu. Aka miƙo mini, tunda ni na iya ta.

Na ɗaga ta yadda kowa zai gani, na fara turawa. Hasbiya, kurciya, kanari.

"Ladan, wagga cilakowar ta hi ka kyau!" in ji wani daga ƙofa.

"Ta hi shi ƙiba dai," in ji wani.

Nuraddeen kansa ya fara murmushin jin nauyi. Na ci gaba har na kai hotunan ƙarshe. Ga namijin baiwar Allah nan, ja jawur, da ƙwayar tsaki a baki, ana ganin har fararen ɗigon da ke gefen ƙirjinsa. Bai taɓa ɗaukar hoto mai kyau irinsa ba. A bayan tsuntsun kuma ga gindin turmi, ga ƙafafun mace da jan lalle, ga gefen zane, ga hannu da awarwaro riƙe da taɓarya. Babu fuska. Amma kowa ya san ko wace ce, kuma maza da yawa sun gani kafin in sauke hannuna.

Dariya ta ɗauke. Ban san inda zan sa idona ba.

Malam Waliyyu ya karɓi wayar ya kusantar da ita ga fuskarsa. Ya ƙura wa hoton ido.

"Wallahi ban gan ta ba. Tsuntsun nika kallo."

Nuraddeen ya ce a hankali, "Na yarda, Baba. Kai ba ka gan ta ba. Wayar ta gan ta."

Mai unguwa ya ce niyya tsarkakakkiya ce, kowa ya shaida, amma katangar mutum katangarsa ce. Ya ce a goge hoton, Ladan ya nemi gafara, a bar maganar a zauren. Dattijon ya nemi gafarar yaron da ya haifi kamarsa, kansa a ƙasa. Sannan ya miƙo mini wayar ya ce in goge. Na ce na ƙarshen kaɗai ake nufi. Ya ce duka. Na goge duka.

Ba wanda ya tuɓe shi daga ladanci. Liman ma cewa ya yi ya ci gaba. Amma maganar ba ta tsaya a zauren ba. Yara suka fara bin sa da "Na-baiwar-Allah". Iklima ta daina daka a tsakar gida, ta koma yi a cikin ɗakin girki, kuma Malam Waliyyu yana jin sautin taɓaryar ta bayan katanga ya san dalili. Hauwa'u ta gaya mini ya je gaban lasifika da azahar ya buɗe baki, murya ta ƙi fita, ya juya ya ce wa Shehu mai shago ya kira sallar. Nuraddeen da kansa ya je har gida ya roƙe shi ya koma. Dattijon ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, bai koma ba.

Bayan girbin shekarar ya bar wa babban ɗansa gidan da gonar, ya koma Maiyama da Hauwa'u wajen ƙanensa Malami. Wayar ya musanya ta da ƙarama marar ɗaukar hoto. Yana can har yanzu da ransa da lafiyarsa, yana kula da lambun tattasai da tumatir na ƙanen nasa. Na kan je gaishe shi in aiki ya kai ni. Yana sallah a sahun baya, kuma tun daga waccan azahar bai sake kiran sallah ba.