Mutum Sha Takwas na Malam Bukar

Ranar Laraba ce, farkon kaka. An girbe gero, an bar dawa a tsaye, ta fi kan mutum tsawo. Na tashi tun asuba na hura wuta, na zuba gyaɗa a kasko. Maigidana Habu ya ɗaure buhu biyu a bayan babur ya tafi Dawanau kafin bakwai. Gida ya rage daga ni sai surukata, Inna Yalwa, sai 'yar da ke bayana.

Garinmu yana tsakanin Tofa da Dawakin Tofa. Ba mu da daji. Gona jikin gona, gida jikin gona, sai shingen bini-da-zugu da burtalin shanu. Shi ya sa ko da muke jin labarin masu babura a can nesa, Habu cewa yake, a ina za su ɓuya a nan? Ni dai ban yarda ba. Matsoraciya ce ni tun asali. Ko 'yar nan ta yi barci mai nauyi sai na kai yatsa hancinta na ji tana numfashi.

Mai unguwa ya riga ya sanar da mu za a yi baƙi. Sababbin ma'aikatan gwamnati ne da ba su gama koyon aiki ba, ana zagaya ƙasa da su su ga yadda talaka yake rayuwa kafin a ba su kujera. A gidanmu matan unguwa suke taruwa yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Nan aka ce za a kawo su.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci doguwar motarsu ta tsaya a gindin rimin ƙofar gida. Na duba ƙaramar wayata, shi ya sa na sani. Duk riga iri ɗaya suka sa, fara ƙal, da farar hula hana-salla, da kati a rataye a wuya. Wanda ya fara saukowa dattijo ne gajere mai furfura a gemu, tabarau a hanci, usur a wuya, takarda maƙale a jikin ɗan katako. Shi ne jagoransu, Malam Bukar. Asalinsu mutanen Barno ne, amma ya ce a Bacirawa aka yanke masa cibiya.

Ya tsaya a bakin ƙofar mota. Ba mai saukowa sai ya kira sunansa ya amsa. Sunayen wasu ban taɓa jin irinsu ba.

Inna ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, awaki ka kawo mana ne kake ƙirge?"

Ya ce, "Inna, ai awaki sun fi su jin magana. Yau kwana goma sha ɗaya muna hanya, tun daga bakin teku. Sha takwas aka damƙa mini, sha takwas zan mayar."

"To kai fa, na nawa ne?"

"Ina kika taɓa jin an ƙirga makiyayi a cikin garke?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi, a bayan mayafi.

Bai bar su sun zauna a tabarma ba. Ya sa wani mai takalmi mai sheƙi ya ɗauki kwandon takin gida ya kai bayan danga. Yaron ya dawo yana haki. Malam ya ce masa, ran da takardar manoma ta kwana a teburinka, ka tuna nauyin nan. Matan cikinsu ya sa su durƙusa a gaban turmi suna matsar tunkuza. Man ya ɓata musu fararen riguna. Inna tana ta yi musu tsiya, wani dogo a cikinsu mai suna Yakubu yana fassara wa waɗanda ba su jin Hausa.

Akwai wata 'yar Kudu, ana ce mata Bose. Ba ta jin Hausa ko zo. Tun shigowarta idonta yana kan bayana. Wajen sha ɗaya ta matso ta miƙo hannu biyu. Yakubu ya ce, wai ta baro nata a gida, watansa tara, tana so ta goya.

Ban so ba. Amma 'yar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya. Wata takwas ban taɓa faɗar sunanta da bakina ba, sai dai 'yar nan, ko waccan. In na hana baƙuwa a gaban Inna, gobe a bakin rijiya za a ji. Na sunkuyar da kai. Inna da kanta ta kwance ta, ta ɗora wa Bose, ta gyara mata ɗaurin zani, ta tamke da majanyi. Ta cusa wa Bose ƙuli biyu a hannu.

Sai Malam ya raba su. Rabi su tsaya wajen turmi, rabi su bi mai unguwa su ga lambun rake da rijiyar ban ruwa, yamma da gari. Bose tana cikin masu tafiya. Na bi bayanta da ido har ta sha kwanar danga. Kan 'yar nan yana lilo.

Sha biyu saura ashirin muka ji ƙara. Da farko kamar injin niƙa. Sai ya zama injin niƙa goma. Daga arewa yake tahowa ta burtali. Taɓare suka tsaya. Sai harbi, uku a jere, sannan wani mai tsawo ba yankewa.

Muka ji maharan suna ihu, "Ina ma'aikatan? Ina motar?"

"Kowa ya kwanta!"

Malam ya busa usur sau uku. Mutanensa suka zabura, amma mota suka nufa. Kwana sha ɗaya usur yana nufin a shiga mota. Motar kuwa ita ake nema. Ya sha gabansu a zaure, ya ware hannu biyu.

"Ba mota ba! Ku bi matan!"

Inna ta take dangar bayan gida da ƙafa. "Dawa! Ku shiga dawa!"

Ni yamma na nufa. Inna ta cafke mini wuyan hannu. Ban san tsohuwa tana da ƙarfi haka ba. Ta ja ni gabas.

A cikin dawa fararen rigunan nan kamar balbela. Daga nesa za a hango su. Malam yana gudu yana cewa a cire hula, a jefar da kati. Matan unguwa suka riƙa tuɓe hijabai suna jefa musu. Wani ƙato ya sa hijabin Inna mai ruwan toka, ya tsaya masa a ciki. Ba wanda ya yi dariya. Wanda bai samu ba ya kwanta a kunya ya birgima, ya tashi ja.

Muka ƙetare gona huɗu. Ganyen dawa yana yankar fuska. Takalmina ɗaya ya tsinke, na bar ɗayan. A bayan gonar liman akwai tsohon kududdufi da aka haƙi ƙasar gini, ya bushe, geza ta rufe bakinsa. Nan muka gangara muka kwanta rub da ciki. Direbansu ya riga mu isa. Sha biyu da minti biyar.

Hayaƙi baƙi ya tashi daga wajen rimi. Tayoyin mota suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga huɗu. Shanun wani suna kuka, ana kora su.

Sha biyu da kwata mai unguwa ya iso ta kudu da 'yan lambu, suna rarrafe. Na ɗaga kai ina duban bayan kowace mace. Babu goyo.

Malam bai kira suna da ƙarfi ba. Da gwiwa ya bi su, yana dafa kan kowa, yana ɗiga biro a takarda. Ya kai ƙarshe. Ya sake farawa. Sha bakwai.

Mai unguwa ya yi raɗa. Ya ce da aka fara harbi ya yi ihu a biyo shi, Bose ba ta gane ba, ta kutsa cikin rake. Rake kuwa yana bakin burtali, nan baburan suke kai da kawo.

Lokacin shan nonon 'yar nan ya yi. Ni na san haka, jikina ma ya sani. Gaban rigata ya jiƙe har cibiya. Ba ta haƙuri da yunwa. Minti kaɗan za ta fasa kuka, kukanta kuwa har masallaci ake ji. Na yunƙura zan tashi. Inna ta kwanta a kan ƙafafuna.

Malam ya rarrafo. Ya dubi rigata, ya kau da ido.

"Ya sunanta?"

Inna tana nan, mai unguwa yana nan. Bakina ya yi nauyi.

"'Yata, sunanta nake tambaya."

Na ce, "Fiddausi."

Ya gyara tabarau ya rubuta a ƙasan takardar. Ya miƙa wa Yakubu katakon. Ya ce in azahar ta yi bai dawo ba, ya kai su Dawaki ta cikin gonaki, kada su hau burtali, kuma ya kira suna a bakin kwalta kafin kowa ya shiga mota. Ya ce Bose ba za ta fito wa muryar kowa ba sai tasa. Ya tuɓe farar rigar ya bar singileti. Usur bai cire ba. Ya haura. Dawa ta rufe shi. Sha biyu da ashirin da biyar.

Daga nan ban ƙara sakin wayar ba. Sha biyu da rabi, harbi biyu wajen masallaci. Ɗaya saura ashirin, shiru, sai ƙudaje. Wata 'yar Kudu kusa da ni tana addu'arsu a hankali, ni ina tawa. Na kasa kunne yamma. Ina roƙon Allah kada na ji kukan 'yata. Tun da na haife ta ban taɓa irin wannan roƙo ba.

Ɗaya saura minti goma muka ji usur. Sau uku. Ba daga wajen rake ba. Daga arewa, can wajen tsohuwar makabarta, inda ba kowa. Mutanensa suka ɗago kai gaba ɗaya. Yakubu ya danne su da hannu.

Usur ya sake, ya ƙara nisa. Babura suka tashi, suka bi.

"Ga su can! Ku tare ta gaba!"

Ya sake busawa na uku, bai kai ƙarshe ba. Harbi biyu. Muka jira na huɗu.

Ɗaya da kwata geza ta motsa. Bose ce, da gwiwa da hannu ɗaya. Ta mayar da goyon gaba, ta tallafe kan da ɗaya hannun. Gwiwoyinta duk jini. Fiddausi idonta biyu, bakinta dama-dama da ƙuli. Tauna shi Bose ta riƙa yi tana lasa mata kaɗan-kaɗan, har biyun suka ƙare. Na karɓe ta a gaban Inna, a gaban kowa. Na duba yatsunta. Na sa ta a nono. Inna ta juya mana baya ta kare mu da zaninta.

Bose ta yi magana, Yakubu ya fassara. Malam ya same ta a cikin rake. Babura uku suna tsaye tsakaninsu da dawa, ba hanyar wucewa. Ya nuna mata gabas da yatsa. Ya ce kada ta motsa sai ta ji usur, kuma in ta ji, kada ta bi shi. Yau kaɗai, in ji shi.

Ba a kira azahar a garinmu ran nan ba. Da inuwa muka gane ta yi. Yakubu ya ƙara minti goma a kan abin da aka ce masa, sannan ya tashe mu. Muka bi ta gonaki. Ƙaya ta shiga ƙafata, sai da muka isa na sani. Uku da rabi muka fito kwalta kusa da Dawakin Tofa. Mutane sun taru, motocin jami'an tsaro suna wucewa. Na hango Habu yana bin fuskoki ɗaya-ɗaya.

An kawo musu wata mota. Suka tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya shiga. Yakubu ya ɗaga katakon ya fara kira. Kowa ya amsa, wasu a cikin hijaban matan unguwarmu. Ya kai sha takwas. Ya tsaya, ya dubi ƙasan takardar.

"Fiddausi."

Na ce, "Ga ta."

Washegari aka samu gawar Malam a bakin makabarta, tabaransa a gefe. Ban da shi, garinmu ya rasa mutum uku: Ɗanlami mai faci, ƙanin liman, da tsoho Mati da ya ƙi barin shanunsa. Rumbu bakwai sun ƙone, har da namu. Dawar da ta ɓoye mu wasu ne suka girbe mana ita.

Yanzu muna Bacirawa, a ɗaki ɗaya a gidan yayar Habu. Layi biyu ne tsakaninmu da gidan Malam Bukar. Ran sadakar bakwai na je da goyona. Matarsa ta ce a miƙo mata ita, na miƙa ba wanda ya tilasta mini. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar, Yakubu ne ya kawo mata kafin su tafi. Akwai jar ƙasa a gefenta, da tabon man gyaɗa.

A aji huɗu na tsaya, amma ina haɗa baƙi. Na bi da yatsa tun daga sama. Sha takwas bugun inji ne. Na sha tara da biro, rubutun ya karkace. Na juya bayan takardar na duba ko zan ga sunan Malam. Ba komai a can.